Taku Nawa Daga Rijiya

Ku da kuke zuwa da safe ku tarar an cika leda da ƙasa, ruwa yana fita daga bakin tiyo, kuna cewa renon itace aikin tsofaffi ne, a zuba iri, a zuba ruwa, a koma inuwa. Ban ga laifinku ba. Ni ma haka na zata ran da aka kawo ni Gure daga Gidigir, ina saurayi, gemu bai fito ba. Aikin bariki aka ɗebo mu. Wasu aka tura su gyaran hanya, wasu kwaɓin ƙasa, ni kuwa gardi ya dubi kafaɗuna ya ce wannan zai iya jan ruwa, aka kai ni garkar kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar. Aikin dole ne na ƴan kwanaki. Kwanakin suka ƙare ban koma gida ba, ga ni har yau cikin itace.

Garkar tana cikin wani kwari kudu da gari. In za ka je, sai ka yi ta taka farin rairayi, tudu bayan tudu, ba ka ganin komai sai tsiron kalumbo da kawalwalniya tana rawa can gaba kamar gulbi. Kana cikin tafiya sai ƙasa ta buɗe, ka ga kawunan goriba da na dabino ƙarƙashin ƙafarka. In ka gangara iska ta canza, ka ji sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka ji kukan jigo daga kowane gefe, wannan ya yi shiru wancan ya ɗauka. A tsakiyar kwarin akwai tafki da ba ya ƙafewa, bakinsa fari da kanwa, cikinsa baƙi da sauro. Kewaye da shi garaken mutane ne, albasa da alkama da barkono da rogo. Ta kumandan tana gefen gabas, an kewaye ta da ƙaya.

Wanda na tarar a can shi ne Ba Mele, wani dattijo Bamange daga wajen Kelle, siriri, hannuwansa kamar saiwa. Hausarsa tana da harshen Barebari, ni kuma yana kirana tada, wato ɗa. Aikin da ya fara ba ni jan jigo ne, wata guda cur bai bar ni na taɓa ko ganye ba. Ya ce wanda bai san nauyin ruwa a kafaɗarsa ba zai yi wa shuka ɓarnarsa. Shi kuwa in zai yi sabon fangali sai ya ɗebi ƙasa ya ɗora a harshe. In ya tofar da sauri, kanwa ta yi yawa, a matsa gaba.

Irin ya zo ne cikin gwangwanin taba. Wani Bature mai kula da noma ya kawo shi daga Damagaram a kan raƙumi, mutane suna ce masa Jan Wuya saboda rana ta dafa masa wuya. Ya buɗe gwangwanin a gabanmu. Na leƙa ban ga iri ba, sai wani jan gari kamar dakakken barkono. Tafinta ya ce wannan itace ne na wata ƙasa da ke bayan teku, ya fi giginya tsawo, yana shan ruwa kamar raƙumi, kuma Bature yana so a dasa shi kewaye da tafki don ya shanye ruwan, sauro ya rasa gida. Ba Mele ya ɗan ɗebi garin a tafin hannu, ya yi ta dubawa. Da suka tafi ya ce da ni bai taɓa ganin babban abu da ya ɓoye kansa haka ba.

Shukar farko ta lalace a hannuna. Na gyara fangali kamar na albasa, na watsa irin, na kwarara masa ruwa da ƙwarya. Ruwan ya kwashe shi duka ya tara a kusurwa, tururuwa suka ƙarasa sauran. Rabin gwangwani ya tafi haka nan. Ba Mele bai yi faɗa ba. Ya sa na kawo rairayi daga kan tudu, muka tankaɗe shi da rariya har sau uku, muka haɗa da ruɓaɓɓen takin awaki wanda ya shekara, shi ma tankaɗaɗɗe. Muka zuba a manyan kasake da aka huda gindinsu. Ya gauraya irin da rairayi mai laushi, ya barbaɗa da yatsu uku kamar mai sa gishiri a miya, bai rufe shi da ƙasa ba, sai dai ya danna da bayan ludayi. Muka ɗora kasaken a kan duwatsu cikin wani masaki mai ruwa don tururuwa, muka yi musu rumfar zana.

Ban ruwan shi ne abin da ba za ku yarda ba. Ba mu da arozuwar, butar ban ruwan nan mai huje-huje a baki, a lokacin. Tsintsiya muke tsomawa a ƙwarya mu girgiza ta sama da kaskon, ruwa ya sauka kamar yayyafi. Ranar da aka shuka kuwa ko tsintsiya Ba Mele bai yarda da ita ba, da baki ya fesa, kamar yadda mai guga ke fesa wa riga. Safe da yamma haka. Kwana biyar ba komai. Ran na shida da hantsi na duƙa, sai na ga saman rairayin ya yi wani kore-kore kamar numfashi a kan madubi. Sai da na kwanta rub da ciki na ga ganyayyaki bibbiyu, kowane bai kai kan allura ba, ƙafarsa ja kamar zare. Na daɗe a kwance ina kallonsu. Ɗaruruwa ne cikin kasko guda, daji sukutum wanda zan iya ɗauka a ka.

Cirar dashe aikin da ya fi cin rai ne. In sun yi ganye huɗu ko shida, sai a raba su, kowane da gidansa. Leda ba ta zo duniya ba tukuna. Kaba muke saƙawa, ƴan kwanduna tsawon taƙi guda, mu cika da ƙasa. Da ƙayar aduwa ake ɗago ɗan tsiron, a kama shi ta ganye, ba a kama wuya. A huda rami da tsinke, a sa saiwar ta miƙe sosai. In ta lanƙwashe, itacen zai rayu, zai ma yi tsawo, amma shekara uku ko huɗu iska za ta kayar da shi, ka zo kana tambayar abin da ya faru, alhali kai ka kayar da shi tun yana kamar gashi. Wata uku zuwa huɗu suna cikin kwandunan, ana janye musu zana kaɗan kaɗan har su saba da rana. In damina ta zauna, ƙasa ta jiƙa kamu guda, a haƙa rami da dagi a sa su har da kwandon, kabar ta ruɓe a ciki.

Mun dasa saba'in da ƴan kai kewaye da tafki, yadda Jan Wuya ya auna da igiya. Suka rage kamar talatin, ƙanana waɗanda ya ce a zubar. Ba Mele bai zubar ba. Ya sa muka jera su a gindin tudun gabas, inda rairayi ke gangarowa kowace shekara yana cin fangulan mutane taƙi taƙi. Waɗannan su suka fi ba mu wuya, don sai mun ɗauki tulu mun kai musu ruwa duk ranin farko.

Gara ce maƙiyin wannan itace yana ƙarami. Za ka bar shi da yamma lafiya, da safe ka tarar ya sunkuyar da kai, ka ja shi ya fito ba saiwa. Toka muke zubawa a ramin dashe, mu kwashe duk wani busasshen kara da ke kusa, mu bi gidan garar mu tone. Duk da haka ta ci kashi ɗaya cikin uku, muka maye gurbinsu. Awaki kuwa ba su dame mu ba sosai. Akuya ta ciji ganyen sau ɗaya, ta yi atishawa, ta tafi. A damina ta biyu fara ta zo, wadda iyayenku suka ba ku labari, ta rufe rana, ta cinye gero a gonaki. Ta sauka a kan dashenmu har rassa suka karye, ta bar su tsirara kamar sanduna. Na ce shi ke nan. Kwana ashirin sai ga toho ja yana fitowa daga jikin kowane. Ran nan na fara sanin halinsa, itace ne da ba ya karɓar mutuwa da wuri.

Sunan ma ba mu muka sa ba. Wata mata ce, Ya Amsa, mai garka kusa da tamu ta yamma, wadda take noman alkama da albasa ita da ƴaƴanta mata tun rasuwar mijinta. Ta zo wucewa ta tsinki ganye ta murza, ta kai hanci, ta ce wannan ai turare ne. Sunan Bature ya fi ƙarfin bakinmu, sai nata ya zauna.

Cikin shekara biyar itatuwan suka wuce kan goriba. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ku da kuka tashi kuka gan shi ko'ina. A ƙasar nan itace gajere ne, mai ƙaya, mai karkata, kowane ya sha wuya kafin ya girma. Sai ga waɗannan sun miƙe sambal, jikinsu fari da toka-toka, ɓawon yana saɓulewa da kansa kamar maciji yana saɓa, ƙarƙashi santsi da sanyi in ka ɗora kunci. In aka ji masa ciwo sai ya zubo da jan ƙaro kamar jini. Ganyen dogo ne kamar wuƙar aski, kuma ba ya shimfiɗa wa rana fuska, ratayewa yake yi, shi ya sa inuwarsa ba ta da kauri, haske yana yawo a cikinta kamar kana ƙarƙashin ruwa. In iska ta taso da azahar, ƙarar ganyen daidai take da ta ruwan sama yana tahowa daga nesa. Sau da yawa ina jan jigo cikin bazara in ɗaga kai in duba gabas, alhali na san ba ko gajimare. Matafiya masu zuwa daga kudu suka riƙa gane Gure da su, kawunansu suna lilo a bayan tudu tun kafin a ga duwatsun garin.

Masu zuwa wurinmu iri iri ne. Mata suka fi yawa, suna neman ganye don sirace in mura ta kama yaro ko ƙirji ya toshe, wasu kuma su sa a garwashi da magariba don sauro. Wani mai zuma ya roƙa ya rataya amya biyu a jeren gabas, don turare yana fure lokacin da sauran itatuwa suka yi shiru, ƴan furanni farare kamar gashin tsoho, kuma tun asuba itacen yana gunji da ƙudan zuma. Zumar tana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Magina suka zo suna kallon miƙewar rassan suna haɗiyar yawu. Na farko da muka ba wa reshe ya shanya shi a rana, ya tsage ya murɗe, ya dawo yana cewa itacen Nasara mayaudari ne. Ba Mele ya nuna masa a ɓare shi, a jingine a inuwa wata biyu, a riƙa juya shi. Tun daga nan duk dirka ko jigo da aka yi da turare, wata goriba ce ko wani gawo ya tsira daga gatari a daji. Wannan amfanin ba a ganinsa da ido, sai wanda ya san yadda ake sare dajin nan a da.

Tafkin kuma ya janye. Kowace shekara bakinsa yana matsawa ciki, har ya zama ɗan kududdufi, sannan farin fili. Sauro ya ragu ƙwarai. Jan Wuya ya zo ya tsaya a tsakiyar filin da takalmansa a bushe, ya yi dariya, ya rubuta a takarda. Ba Mele yana gefe yana kallon ƙarƙashin itatuwan, inda ganye ya zuba ya yi shimfiɗa, ko ciyawa ɗaya ba ta fito ba.

Sai shekarar da damina ta yi ƙarya. Ruwa ya sauka sau uku ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Duk wanda ke da fangali a kwari ya san abincin gidansa na bana a nan yake, alkama da albasa da rogo. Da sanyi ya shigo aka shuka, sai rijiyoyi suka fara ja da baya. Rijiyar kwari ba zurfi gare ta ba, in ka haƙa gaba guda da rabi ka taɓa ruwa. A shekarar nan aka ƙara wa guga igiya, aka sake ƙarawa, wasu jigon nasu ya daina kaiwa.

Yasar rijiyar Ya Amsa ni na yi ta. Ita ta zo da kanta ta ce da Ba Mele ya ba ta aron ɗansa, gugarta laka take ɗebowa. Na tuɓe na sauka. Ƙasa akwai duhu da sanyi, sama kuma ɗan da'irar haske da kan Ya Amsa a ciki. Na sa hannu in kwashe laka, sai na ji wani abu kamar wutsiyar doki ya cika gindin rijiyar, ya fito ta tsakanin itacen da aka yi mata ɗauri. Na yanko danƙi guda na aika sama cikin guga. Saiwa ce, siririya, ja. Itacen turare mafi kusa yana da taku talatin daga wurin. Da na fito na tarar Ba Mele yana sansana ta, Ya Amsa tana kallonsa.

Ta ce, "Ba Mele, ni na raɗa masa suna, ga shi yana sha daga tuluna."

Ya miƙo mini saiwar. Muka bi sauran rijiyoyin da ke kewaye da tsohon tafki, takwas ne, shida muka sami saiwar a ciki. Na jeren gabas kuwa ba su kai ga rijiyar kowa ba, sun yi nisa.

Masu garake suka taru suka je wurin mai gari, mai gari ya je bariki. Amsar da ta dawo ita ce itacen na gwamnati ne, ba mai taɓa shi sai Jan Wuya mai noma ya zo daga Damagaram ya gani, shi kuwa ba a sa ran zuwansa sai bayan wata uku. Alkama ba ta jiran wata uku. Ta riga ta fara fitar da kai, ganyenta yana naɗewa da hantsi. Wasu samari suka fara maganar za su sa wa itatuwan wuta gaba ɗaya, har da na gabas. Mutanen da muke gaisawa kullum suka daina amsa mini sallama da kyau.

Wata safiya bayan mun idar da salla Ba Mele ya miƙo mini dutsen wasa gatari. Muka wasa guda biyu. Ya zaga itatuwan tafki yana ɗora wa kowane hannu, kamar mai zaɓen rago a kasuwa, ya sa wa arba'in da ɗaya alama da gawayi, duk waɗanda ke fuskantar rijiyoyi. Na tuna masa maganar bariki.

Ya ce, "Tada, ni na fesa musu ruwa da bakina. In za a yanka, ni zan yanka. In an tambaye ka, ka ce ni na sa ka."

Saran turare ba kamar na gawo ba ne. Ɗanye yana da taushi, gatari yana shiga, cikinsa ja kamar nama, ƙamshin ya cika maka ƙirji har idonka ya yi ruwa. Sai ka sare gefen da kake so ya faɗi, ka koma baya ka ƙarasa, ka bar kututture kamu guda. Kafin ya faɗi yana tsayawa ɗan lokaci kamar yana tunani, kan yana kaɗawa can sama, sannan ya taho a hankali da ƙarar ruwan saman nan tasa. Da na farko ya faɗi jigo ya yi shiru a duk kwarin. Kafin azahar maza sun zo da gaturansu, ba wanda ya kira su. Ba Mele ya tsaya a kan ba a taɓa wanda ba shi da alama, kuma ba wanda ya taɓa. Kwana huɗu muka yi. Sararin sama ya dawo tsakiyar kwari, faɗinsa har ya ba ni tsoro.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ruwa ya dawo ya cika rijiyoyi ba. Rashin damina shi ne babban mai laifi, turare ya ƙara ne a kai. Amma bayan kwana goma sha ruwan ya daina ja da baya, a wasu rijiyoyin ya hau taƙi guda, a ta Ya Amsa ya kusa biyu. Taƙi biyu ya isa guga ta nutse. Alkama ta kai, ba ta yi kyau ba, amma ta kai. An ci.

Gardi biyu suka zo suka tafi da Ba Mele. Ya yi kwana goma sha biyar a tsare, aka sallame shi daga aiki. Ni aka bar ni, don ba wani da ya iya irin. Ran da zai tafi ya ɗaure tabarmarsa da butarsa, ya bar mini rariya da dagi, ya kama hanyar Kelle a ƙasa. Da Jan Wuya ya zo daga baya ya yi ta faɗa, wuyan ya ƙara ja. Na kai shi bakin rijiya na nuna masa busasshiyar saiwar da na adana. Ya juya ta a hannu, ya daina faɗa, ya sa ta a aljihu. Bai ce a maido da Ba Mele bakin aiki ba.

Kututturan nan su suka zama aikina na shekara biyu. Kowane ya fitar da toho goma, ashirin, cikin wata biyu sun kai ƙugu. Waɗanda ke nesa kaɗan na bar musu biyu biyu, in sun kai kaurin damtse in sare, kada su yi girman da za su koma neman rijiya. Sanduna suka wadata a garin. Waɗanda ke kusa sosai sai na riƙa karye tohon duk mako, na ɓare kututturen, na tara masa kara na ƙone, wani sai an yi masa haka sau uku kafin ya haƙura. Jeren gabas kuwa suka yi ta girma. A bazarar da ta biyo iska ta yi kwana uku tana kwasar tudu, da ta lafa muka tarar rairayi ya taru a bayansu har ƙirji, fangulan da ke gabansu ko ɗaya bai binne ba. A wani kwari da ke gaba da namu rijiyoyi biyu suka ɓace a iskar nan. Daga nan mutane suka fara zuwa neman dashe, kowa kuma tambayarsa ɗaya, taku nawa daga rijiya. Ni kuwa ban sani ba. Talatin dai na san bai isa ba.

Shekarar da aka fara jin raɗe-raɗin yaƙin Turawa, da damina ta sauka, na ɗora ƴan kwanduna shida a kan jaki na nufi Kelle. Irinsu daga jeren gabas na tara shi, ƴan ƙoƙunan nan da ake shanyawa a kan zane su buɗe da kansu. Na lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, ina tsayawa a kowace rijiya ina yayyafa musu. Ƙasa ta yi kore, duwatsun arewa suna shawagi a kan kawalwalniya, ina tafiya ba sa matsowa. Kwana ɗaya da wuni na yi.

Na same shi a ƙauyensu, zaune a gindin aduwa kusa da ƴar garkarsa. Idanunsa sun yi fari, yanar ido ta rufe su. Na yi sallama, bai gane muryar ba, don ta canza. Na durƙusa na tsinki ganye ɗaya na murza, na sa masa a tafin hannu. Ya kai hanci ya daɗe.

Ya ce, "Tada. Saiwar a miƙe ka sa ta?"

Na ce a miƙe. Ya tambayi Ya Amsa, ya tambayi jeren gabas, ya tambayi ko gara ta ragu. Bai tambayi bariki ba. Aka kawo fura muka sha. Sannan na gaya masa abin da ya kawo ni, mutane suna tambayata nisa, ni kuma ba ni da amsa.

Ya miƙe ya dafa kafaɗata, ya ce in kai shi bakin rijiyarsa. Ya taɓa bakin da ƙafa, ya juya fuskarsa inda iska ke fitowa, muka fara tafiya yana ƙirgawa da Barbarci, ni ina jan jakin da ɗaya hannun. Muka wuce talatin. Muka wuce fangulansa, muka fita shinge, muka wuce hamsin. Ƙasa ta fara tashi, rairayi ya fara shiga tsakanin yatsu. A saba'in ya tsaya, ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya ɗora a harshe. Bai tofar ba. Na sauke dagi zan fara haƙa, sai ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Wannan na shekarar da aka yi ruwa ne. Ƙara goma, don shekarar da ba a yi ba."

Muka ƙara goma. A nan na haƙa ramuka shida, shi yana zaune a kan rairayi yana karɓar kwandunan ɗaya bayan ɗaya, yana laluben wuyan kowane da yatsa kafin ya miƙo mini.